BABI NA BIYU: DAGA GAYA ZUWA BIRNIN KANO A LOKACIN BAZARA: TARIHIN GADOJI DA UNGUWANNI DA LAMBUNA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasar Gaya da Ajingi da sana'o'in mutanensu. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin hanyar da ta haɗa wannan yanki da birnin Kano, a dubi gadojin da ake ƙetarewa, da unguwannin da ake ratsawa, da kuma lambuna da filayen da matafiyi yake tararwa a cikin birnin. An zaɓi lokacin bazara ne domin a nan ne zirga-zirgar rani take kai ƙarshenta, masu cin rani suke shirin komawa gida kafin faɗuwar damina. Manufar babin ita ce a nuna cewa dangantakar Gaya da Kano ta girmi hanyar mota da ɗaruruwan shekaru, kuma yawancin shaidun wannan dangantaka suna cikin sunayen unguwanni da wuraren da gine-ginen zamani suke shafewa a hankali.

2.1 Matsayin Gaya a Tarihin Kafuwar Kano

Garin Gaya yana gabas da birnin Kano, a nisan kimanin kilomita 60. Ajingi kuwa tana arewa da Gaya, kuma a da tana cikin ƙasar Gaya ne kafin a ba ta ƙaramar hukuma ta kanta. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Gaya tana da sama da mutum 200,000, ta Ajingi kuma sama da 170,000. Tun daga shekarar 1991 da aka cire Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano, wannan yanki ya zama bakin iyakar jihar ta gabas.

Tarihin baka da ya shahara a ƙasar Kano yana cewa mutanen da suka fara zama a gindin Dutsen Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Ana kiran zuriyarsu Abagayawa, kuma an ce sunan shugabansu Kano, daga gare shi ne garin ya sami suna. Ba za a iya ɗaukar wannan ruwaya a matsayin hujja yankakkiya ba, domin babu rubutaccen bayani na wancan zamani. Sai dai binciken da masu haƙar kayan tarihi suka yi a gindin Dala ya gano ragowar matoyar ƙarfe da aka kimanta shekarunta zuwa wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wannan bai tabbatar da sunan Kano ko garin da ya fito ba, amma ya tabbatar da ginshiƙin ruwayar, wato cewa sana'ar ƙarfe ce ta fara tara jama'a a wurin, tun kafin zuwan Bagauda da ake sanyawa a shekarar 999.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya ambaci Gaya a wurare da dama. A zamanin Sarki Yakubu (1452-1463) littafin ya kawo labarin zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda aka ba sarautar Gaya. Idan aka lura da cewa Machina tana kan hanyar Borno, za a fahimci cewa Gaya ta zama ƙofar Kano ta gabas a daidai lokacin da fatauci tsakanin Borno da Gwanja yake bunƙasa. A zamanin Sarki Dadi (1670-1703) kuwa, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji ba, har sai da aka yaudare shi aka kashe shi. Abin lura a nan shi ne, 'yarsa Mariyama ita ce mahaifiyar Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731), kuma littafin ya bayyana cewa a zamaninsa mutanen Gaya sun sami faɗa a ji ƙwarai a birnin. Ke nan dangantakar ba ta talaka da ubangida ba ce kawai. Akwai auratayya, akwai gaba, akwai kuma lokacin da Gayawa suka riƙe ragamar fada.

Wannan tsohon matsayi ya sake fitowa fili a shekarar 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Gaya da Rano da Karaye da Bichi. An soke wannan doka a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara aka maido da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu.

2.2 Bazara da Zirga-zirgar Jama'a

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara. Bazara takan kama daga watan Maris zuwa Mayu, kuma ita ce lokacin da zafi ya fi tsanani. Duk da haka, a cikinta ne itatuwa da yawa suke sabon ganye tun ruwa bai sauka ba. Ɗorawa takan yi tutu ta ɗaura 'ya'ya, mangwaro ya nuna, rimi ya fashe audugarsa ta bi iska, darbejiya ta yi fure. Gawo ne kaɗai yake saɓa wa 'yan'uwansa, domin yana riƙe da ganyensa duk rani, sai damina ta zo ya kakkaɓe.

Ga manomin Gaya da Ajingi, bazara lokaci ne na sharar gona da kai taki da gyaran ɗaki. Ga ɗan cin rani kuwa, wanda ya tafi birni bayan kaka ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce ko leburanci, lokaci ne na haɗa guzuri, ya sayi iri da garma da tufafin iyali ya kama hanya. Haka ma almajirai da malamansu da suka yi ƙaura bayan girbi sukan juyo gida a wannan lokaci.

Wannan al'ada ba sabuwa ba ce. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na shekarar 1851, ya kimanta mazauna birnin da kusan 30,000, amma ya ce daga watan Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari da baƙi suke shigowa, adadin yakan kai 60,000. Wato dai birnin yakan ninka kansa da rani, ya kuma sace da zarar an ga hadari a gabas. Bugu da ƙari, binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 a kan karkarar da ke kewaye da Kano ya nuna yadda ake shigo da itace birni a kan jakuna, a koma da taki da toka da shara zuwa gonaki. Duk da cewa Gaya ta yi nisa da irin wannan safara ta kullum, tsarin ɗaya ne: karkara tana ciyar da birni, birni kuma yana mayar mata da abin da za ta shiga damina da shi.

2.3 Gadoji

Babban shingen da ke tsakanin Gaya da Kano shi ne kogin da ya ratsa Wudil. Wannan kogi haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Calawa, kuma shi ne yake zarcewa ya zama Kogin Haɗejiya. Kafin a yi gada, ƙetare shi ya danganta ne da lokacin shekara. Da damina sai da taimakon masu fito, waɗanda suke amfani da kwalekwale ko manyan goruna. Da rani da bazara kuwa ruwan yakan janye ya bar rairayi, mutum da jakinsa su taka su wuce. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa fatauci da ziyara da ma yaƙi suka zama ayyukan rani, kuma shi ya sa ɗan cin rani yake hanzarin ƙetarewa kafin kogi ya kawo.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne gadar Wudil, wadda ta mayar da hanyar ta zama ta kowane lokaci, ta kuma ƙarfafa kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a shekarar 1974, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, da kuma ta Calawa da aka kammala a 1992. Waɗannan madatsu sun sa ana sako ruwa a kai a kai, saboda haka kogin da a da yake ƙafewa ya koma mai gudana har da bazara. Amfanin wannan shi ne bunƙasar noman rani a gefen kogin. Illarsa kuwa ita ce raguwar ambaliyar da fadamun ƙasa, musamman na Haɗejiya da Nguru, suka dogara da ita. Ta haka sana'ar fito ta ja baya a kan babbar hanya, ta koma ƙananan mashigai na ƙauyuka.

A cikin birni kuwa, ma'anar kalmar gada ita kanta ta faɗaɗa. A da gada abin ƙetare ruwa ce. Tsohon birnin yana da ruwa guda ɗaya da ya raba shi biyu, wato Jakara. Hugh Clapperton, ɗan ƙasar Birtaniya da ya zo Kano a shekarar 1824, ya bayyana ta a matsayin wata babbar fadama da ta kusa raba garin gida biyu, ya kuma ce kasuwa tana ci ne a kan wani tudu da ke tsakanin ruwan. A zango na biyu na mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso (2011-2015) aka fara aikin rufe wannan rafi da kankare a shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a suke kira titin Wuju-Wuju. A wannan zamani ne kuma aka gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya. Gwamnatin Ganduje (2015-2023) ta kammala doguwar gadar Sabon Gari da ke kan titin Murtala Muhammad, ta kuma gina ta Dangi da ta Hotoro, wadda aka buɗe a watan Janairu na 2023.

Saboda haka, wanda ya taso daga Gaya bayan wannan shekara yakan ƙetare gadar ruwa ɗaya a Wudil, ya wuce Mariri da kasuwar goronta, sa'an nan ya tarar da gadojin da ba ruwa suke ƙetarewa ba, cinkoson motoci suke ƙetarewa. Babu shakka sun rage wahalar tafiya. Amma ya kamata a lura cewa an yi su ne domin mai mota, alhali ɗan cin rani da ƙafa ko da baro yake neman abincinsa. Abin da yake samu daga gadar sama shi ne inuwarta, inda masu talla da masu jiran aiki suke fakewa daga ranar bazara, aikin da a da itatuwan bakin hanya suke yi.

2.4 Unguwanni

Ana iya kasa unguwannin Kano gida uku ta fuskar tarihi: na cikin ganuwa, da na waje da suka kafu a zamanin Turawa, da kuma ƙauyukan da birni ya haɗiye bayan samun mulkin kai.

Ganuwar Kano an fara gina ta ne a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), aka kuma ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623). Sunayen unguwannin da ke cikinta tamkar rajista ce ta baƙin da suka zo suka zauna. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, Sharifai kuma da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo a zamanin Rumfa. Zangon Barebari ta nuna fataken Borno, Tudun Nufawa ta nuna Nufawa, Ayagi ta nuna Yarabawa, Agadasawa ta nuna mutanen Agadas, Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan Arewacin Afirka ne, domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Wasu sunayen kuma sana'a suka nuna, kamar Soron Ɗinki da Dukawa da Tudun Maƙera da Rimin Ƙira. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi kusa da batun wannan bincike, domin suna tunatar da sana'ar da aka ce ita ta kawo mutanen Gaya gindin Dala.

Mai zuwa daga gabas a wancan zamani yakan shiga ne ta ƙofofin da ke fuskantar wannan nahiya, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai. A bakin Ƙofar Mata ne karofin nan da ya shahara yake, kuma daga nan hanya ta miƙe zuwa Kasuwar Kurmi da Rumfa ya kafa. A waje da ganuwa kuma akwai Fagge, wadda ta daɗe tana zama masaukin ayari.

Bayan da sojojin Birtaniya suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai gari ya fara girma a waje, kuma akasarin wannan girma ta gabas ya yi, wato ta nahiyar Gaya. Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai. A Nasarawa ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a shekarar 1909. Layin dogo ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sa'an nan Tudun Wada da Gwagwarwa suka biyo baya a matsayin mazaunin tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa. Cinikin gyaɗa da jirgin ƙasa ya haifar shi ne ya ƙara ɗaure ƙasar Gaya da birni, domin gyaɗar da aka noma a karkara ita ce aka tara ta zama dalar gyaɗa a hannun attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Kashi na uku su ne irin su Hotoro da Mariri da Unguwa Uku da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda a da ƙauyuka ne da gonaki. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967 gine-gine suka cim musu. A irin waɗannan unguwanni ne baƙi daga gabas suke yawan sauka, saboda tashoshin motocinsu a nan suke, kuma haya ta fi sauƙi. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo cin rani a ƙarshe sukan zauna dindindin, gona ta koma hannun ƙanne.

2.5 Kurmi da Lambuna da Filaye

Tunanin keɓe wuri mai itatuwa a cikin gari ba Turawa ne suka kawo shi Kano ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci wani kurmi mai baƙin ruwa a Jakara, wanda mutanen Barbushe suke girmamawa. A gefen wannan kurmi aka kafa kasuwa, shi ya sa har yau ake ce mata Kurmi, ko da yake babu sauran kurmin. A cikin Gidan Rumfa kuma akwai sheƙa, wato fili mai itatuwa da aka bari a cikin fada. Har ila yau sarakuna suna da gidajen shan iska da gandaye a wajen gari, kamar na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa.

Clapperton ya kimanta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Wannan ba sakaci ba ne, dabara ce ta tsaro, domin idan abokan gaba sun kewaye gari a sami wurin noma da kiwo da kuma inda mutanen karkara za su fake. Haka kuma kududdufan da aka haƙa wajen ɗebo ƙasar gini suna tara ruwan sama, suna rage ambaliya, ana kuma lambu a bakinsu da rani.

Sunayen unguwanni sun adana wannan tarihi na itatuwa fiye da yadda ƙasar kanta ta adana shi. Akwai Ɗorayi da Giginyu da Kurna da Kawo da Durumin Iya da Kukar Bulukiya da Tsamiyar Boka da Rijiyar Lemo. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nuna itacen da ya taɓa zama alamar wurin, inda matafiyi yake hutawa ko ake kwatance da shi. A yawancinsu suna ne kawai ya rage.

Wurin shaƙatawa irin na zamani mafi girma shi ne gidan namun daji da aka kafa a farkon shekarun 1970, wanda aka sanya wa sunan Audu Bako. Ga yaran karkara da yawa, ziyarar wannan wuri da hawan Dutsen Dala a lokacin bukukuwan Salla su ne farkon saninsu da birni. Daga kan Dala ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci, kuma daga nan ne ake ganin yadda rufin kwano ya maye gurbin gonakin da Clapperton ya gani.

Matsalar da filayen birni suke fuskanta ita ce tsadar ƙasa. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, abin da ya ƙara yawan ambaliya a cikin unguwanni. An ci ganuwa a wurare da dama, duk da cewa tun shekarar 2007 aka shigar da ita jerin wucin gadi na wuraren tarihi na hukumar UNESCO. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Ko Filin Idi na Ƙofar Mata bai tsira ba, domin an gina shaguna a jikinsa, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a shekarar 2023, lamarin da ya jawo shari'a da asarar dukiya mai yawa.

2.6 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa Gaya tana cikin tarihin Kano tun daga ruwayar kafuwarta, kuma ta taka rawa a siyasar fada a ƙarni na 17 da na 18. An kuma nuna cewa bazara ita ce ƙarshen zangon zirga-zirga tsakanin karkara da birni, kuma kogin Wudil ne yake tsara wannan zango kafin gada da madatsun ruwa su sauya shi. Haka nan an ga yadda unguwanni suka adana tarihin baƙi da sana'o'i da itatuwa a cikin sunayensu, alhali kurmi da kududdufai da filaye suna ɓacewa.

Abin da za a iya fahimta shi ne, ci gaban da aka samu wajen sufuri bai tafi tare da kula da wuraren tarihi da inuwar jama'a ba. Yana da kyau hukumar tsara birane da ta adana kayan tarihi su haɗa hannu da masu unguwanni a rubuta asalin sunan kowace unguwa tun dattawan da suka san shi suna raye, a kuma riƙa dasa irin itacen da unguwa take ɗauke da sunansa. Wannan darasi ya shafi Gaya da Ajingi kai tsaye, domin su ma garuruwa ne masu girma, kuma har yanzu suna da sauran filaye da itatuwan da za a iya keɓewa kafin gini ya cim musu. A babi na gaba za a dubi sana'ar ƙira a ƙasar Gaya da yadda ta kasance bayan shigowar ƙarfen Turawa.